Shan man tsofaffin motoci a zirga-zirgar yau da kullum a Katsina

Shan mai shi ne yawan fetur ko man gas da mota ke ƙonawa a tazarar da ta ci. Kamfanonin ƙera motoci na Turai suna auna shi da lita nawa a kilomita 100, Amurkawa kuma da mil nawa a galan ɗaya. Direbobin Katsina ba safai suke bin ko ɗaya ba: da naira suke lissafi, a ce man dubu kaza ya kai mutum Daura ya dawo. Wannan awo yana ruɗarwa duk lokacin da farashi ya motsa. Galan ɗin ma ba ɗaya ba ne, domin na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5, na 'yan bumburutu kuwa lita 4 ake ɗaukarsa.

Tazara

Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi kimanin kilomita 80 ne, zuwa Jibiya kimanin 45, zuwa Dutsin-Ma kimanin 60. Akwai ma'aikata da malaman makaranta da suka ajiye iyali a Katsina suna zuwa aiki waɗannan garuruwa. Mai zuwa Daura ya dawo yana cin kilomita 160 a yini. Idan motarsa na shan lita 12 a kilomita 100, lita 19 ke nan. Idan 8 take sha, lita 13. A kwanakin aiki 22 bambancin ya haura lita 130, shi ya sa ake yawan haɗa kuɗin mai a tafi mutum huɗu ko biyar a mota ɗaya.

Sai dai mafi yawan masu mota cikin gari suke yawo, daga Ƙofar Ƙaura zuwa sakatariya, ko zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke hanyar Dutsin-Ma. A kan kowace kilomita, irin wannan gajeriyar tafiya ta fi doguwa cin mai. Inji mai sanyi yana buƙatar mai fiye da kima, musamman da safiyar hunturu, kuma kafin ya yi zafi an isa. Ga tsaye-tsaye a shataletale, ga giya ɗaya da biyu a bayan Keke Napep, ga silo a ƙofar makarantar yara.

Motocin da ake magana

Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta daɗe tana riƙe da tashoshin Arewa, kuma kafireta gare ta, wato tsohuwar na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji. Bayanta sai 'yan Kwatano, irin su Golf 3, Sharan da Honda Accord na shekarun 1990, waɗanda yawancinsu injekta ne, wato kwamfutar mota ce ke auna man da ake fesa wa inji. Da yawa ta Maraɗi da Jibiya suka shigo, kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. A ɓangaren kaya akwai a-kori-kura, J5 da Canter, masu jigilar hatsi da dabbobi ranakun kasuwar Mai'aduwa da Charanchi. Injin man gas ya fi na fetur tattali, amma lodin da ya wuce ƙa'ida, buhu kan buhu har sama da kan mota, yana cinye wannan riba, saboda nauyi da kuma iskar da kayan ke tarewa.

Dalilan ƙaruwar sha

Tsufa kaɗai ba ya sa mota zuƙar mai. Yawanci abin da aka yi mata ne, ko wanda aka ƙi yi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, kuma a motar kafireta wannan yana sa mai ya rinjayi iska, har a ga baƙin hayaƙi a salansa da fulogi ya yi baƙi ƙirin. Motar injekta tana iya daidaita kanta, muddin na'urar da ke auna iskar salansa na aiki. Nan ne ɓarnar take. Makanikai da dama suna cire abin da suke kira indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa, su cire makullin ruwan da ke riƙe zafin inji, su haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin Arewa. Injin da ba ya kai zafinsa kuwa kwamfutar mota tana ta ƙara masa mai. Taya mai ƙarancin iska da birki mai kamawa su ma suna da nasu kaso. A babban titi, gudun 120 ya fi na 80 cin mai sosai. Sakin mota a firi a gangare, da direbobin haya ke yi, ɗan abin da yake ragewa bai kai haɗarinsa ba.

Farashi

A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa mutanen Jibiya hannun 'yan bumburutu. Bayan cire tallafi a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta haura 1,000 a 2024. Da yawa suka jingine mota suka koma babur.

Yadda ake aunawa

Ana cika tanki, a rubuta lambar mita, a yi zirga-zirgar da aka saba, a sake cikawa a famfo ɗaya, sannan a raba litar da ta shiga da tazarar da aka ci, a ninka da 100, a samu lita nawa take sha a kilomita 100. Motocin da suka fito daga Amurka da mil mitarsu ke ƙirgawa, sai an ninka da 1.6. Idan mitar ta mutu, kamar yadda take a motocin tasha da dama, sananniyar hanya irin ta Katsina zuwa Daura ita ake ɗauka ma'auni.