Taimakekeniyar lafiya: me kalmar take nufi?

Kusan kullum sai an ji ɗan siyasa a rediyo yana cewa an sa mutane dubu kaza a taimakekeniyar lafiya, za su riƙa samun magani kyauta. Wannan "kyauta" ita ke ɓata lamarin.

Ku duba ginin kalmar. Daga taimako aka samo taimakekeniya, kamar yadda yarjejeniya ta fito daga yarda: abu ne da ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Kowa na zuba kaɗan a asusu, wanda ciwo ya kayar a ɗauki nauyinsa. Ta bambanta da adashe, domin babu ranar kwasa. Mai lafiya zai iya shekara goma yana zubi bai karɓi ko allura ba. Inshora ce dai, amma jihohi irin su Kano, mai hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, sun zaɓi wannan suna, kuma a ganina ya fi faɗin gaskiyar abin. Ko marasa ƙarfi da ake yi wa rajista ba su biya ba, asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ne ke zuba musu, daga kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta ware.

Amfaninta yakan fito a gidan mai ɗa da sikila. Ciwon ƙashi ya taso, idanu sun yi ɗorawa, ana buƙatar gwaji, ƙarin ruwa, gado, wataƙila da ƙarin jini, kuma bayan wata biyu a sake. A tsarin ma'aikatan tarayya na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, mahaifi zai biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, asusu ya ɗauki sauran.

Inda ake tuntuɓe shi ne hanya. Asibitin da aka zaɓa ranar rajista shi ne ƙofar farko. Shi ke tura yaro babban asibiti da takarda da lambar amincewa. In ba larurar gaggawa ba ce, wanda ya tsallake wannan mataki daga aljihunsa zai biya. Sannan rajistar ta ƙunshi ma'aikaci, mata ko miji ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai 'ya'ya tara sai ya biya ƙari don sauran, kuma da yawa ba sa ganewa sai an nemi sunan yaron a kwamfuta an rasa, yana kwance a kafaɗar uwarsa.