Shan mai a motocin wagon masu ƙarfi na alfarma

Motocin wagon masu ƙarfi na alfarma motocin iyali ne masu dogon rufi da faffaɗan but, waɗanda aka ɗora wa injin da ya kusa kai na motar tsere. Kamfanonin Jamus ne suka yi kaka-gida a wannan fage: Audi ya ƙera RS6 Avant, Mercedes-AMG ya ƙera E63 S, BMW kuma M5 Touring. Audi RS2 Avant ta 1994, wadda Porsche ya sa hannu wajen ƙera ta, tana cikin na farko-farko. Shan man irin waɗannan motoci ba ya tsayawa a kan adadi ɗaya. Tazarar da ke tsakanin tafiyar lalama da taka totur har ƙasa ta fi ta kowace motar gida faɗi, domin injin na iya aiki da ɗan kaɗan daga ƙarfinsa ko kuma da dukkansa.

Alkaluman gwaji

RS6 Avant da aka fito da ita a 2019 misali ce mai kyau. Injinta V8 ne, wato mai silinda takwas, mai lita 4.0 da turbo biyu, yana ba da ƙarfin doki 600, kuma tana kai gudun kilomita 100 a awa daga tsaye cikin daƙiƙa 3.6, duk da nauyinta ya haura tan 2. A gwajin WLTP na Turai tana shan tsakanin lita 12 da 13 a kowane kilomita 100. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba ta mil 15 a galan ɗaya cikin gari, mil 22 a babbar hanya, mil 17 idan an haɗa, wato kusan lita 15.7 da 10.7 da 13.8 a kowane kilomita 100. Da tankinta mai cin lita 73, tafiyar kilomita 500 da ɗoriya ke nan kafin a nemi gidan mai. Fetur ɗin ma mai yawan oktan ake so.

Kwatanta tsofaffin alkaluma da sababbi na buƙatar lura. RS6 ta 2008 mai injin V10 na lita 5.0 an rubuta mata kimanin lita 14, ta 2013 kuma lita 9.8, duka a tsohon gwajin NEDC mai sassauci. Tun daga 2017 aka soma maye gurbinsa da WLTP, wanda ya fi tsawo, ya fi gudu, ya kuma fi kusa da tuƙin zahiri. Saboda haka tashin adadin a motar 2019 ba daga ƙarin nauyi kaɗai ya fito ba, ma'aunin kansa ne ya canja.

Inda man ke tafiya

A cikin gari nauyi ne babban mai laifi. Duk tashi daga tsaye sai an ƙona mai don tura sama da tan 2, da zarar an taka birki kuma wannan ƙarfi ya koma zafi ya bi iska. Ga tayoyin da faɗinsu ke kaiwa milimita 285, ga tsarin da ke juya ƙafafu huɗu, kowanne na cin nasa rabon. A babbar hanya iska ce ke karɓar ragama: idan gudu ya ninka daga 100 zuwa 200, turjiyar iska takan ninka sau 4, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuma sau 8. Shi ya sa a sassan Autobahn, manyan hanyoyin Jamus, da ba a ƙayyade gudu ba, allurar mai ke sauka ana kallo. A nan wagon ta yi wa manyan motocin SUV fintinkau, domin gajartarta na rage faɗin da ke karo da iska. RS Q8, motar SUV ta Audi mai irin wannan injin, ta fi RS6 shan mai.

Dabarun rage sha

A gudun kilomita 100, cikin giya ta takwas, injin RS6 na juyawa ƙasa da sau 2,000 a minti, kuma ƙarfin da motar ke nema ɗan ƙanƙani ne cikin 600 ɗin. A wannan hali kwamfutar motar kan rufe bawul na silinda huɗu ta yanke musu mai, sauran huɗun su ɗauki aikin, direba bai ma ji ba. Akwai kuma tsarin lantarki mai bolt 48 da ke tara wuta yayin rage gudu, yana barin injin ya mutu har tsawon daƙiƙa 40 motar na gangarawa tsakanin gudun 55 da 160. Audi ya ce wannan na rage har lita 0.8 a kilomita 100. Ragi ne na gaske, amma na mai sassauta ƙafa ne kawai.

BMW ya bi wata hanya da M5 Touring ta 2024: injin V8 na lita 4.4 haɗe da motar lantarki da batirin da ake cajawa, jimillar ƙarfin doki 727. Tana yin sama da kilomita 60 da lantarki zalla, kuma takardar WLTP ta nuna kimanin lita 2 a kilomita 100. Wannan adadi na iya ruɗar mai saye, domin an lissafa shi ne bisa cewa ana caji a kai a kai kuma tafiye-tafiyen gajeru ne. Idan batir ya ƙare, shan mai na haura lita 10, injin na jan motar da nauyinta ya kai wajen tan 2.5.

Haraji

Kowace litar fetur da aka ƙona na fitar da kusan kilo 2.3 na iskar CO2, don haka mota mai shan lita 12.5 na fitar da kusan giram 290 a kilomita. Ƙasashen Turai da dama na ɗora haraji a kan wannan ma'auni. A Faransa, a 2024, harajin rajistar sabuwar motar da hayaƙinta ya kai haka ya kai yuro 60,000, kuma irin wannan matsin na cikin dalilan da suka sa kamfanoni ke karkata ga injin da aka haɗa da batiri.