Sautin da ke isa tsakiyar ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kai ba

Duk wadda ta taɓa zuwa awon ciki ta san na'urar sikanin. Sauti take aikawa cikin jiki, irin wanda kunne ba ya ji, domin bugunsa ya haura 20,000 a daƙiƙa. Shi ne ake tattarawa yanzu a auna ɗigo ɗaya can cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda gilashi ke tara hasken rana wuri guda har takarda ta kama wuta. Inda sautin ya ratsa ba abin da ke faruwa, sai inda ya haɗu.

Abin da nake so mu rarrabe shi ne aikin kashi biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su.

Na farko ƙonawa ne. Mai fama da karkarwar hannu, wanda ko kofin ruwa ba ya iya kaiwa baki sai ya zube, ana aske masa kai, a sa masa hular da ke ɗauke da 'yan na'urori 1,024, a shigar da shi injin MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki idonsa biyu. Likita zai fara ɗumama wurin kaɗan a sashen da ake kira talamus, ya ce masa ya zana layi a takarda. In hannun ya natsu, an dace da wurin, sai a ƙara zafi a ƙone shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wannan a 2016, sannan a 2018 ta ƙara da karkarwar cutar Parkinson. Amma abin da aka ƙone ya ƙonu ke nan, kuma wasu kan fito da tangaɗi wajen tafiya ko mutuwar leɓe da yatsu.

Na biyu ba ƙuna a ciki. Sauti ne mai rauni da ke zaburar da ƙwayoyin jijiya ko ya lafar da su na ɗan lokaci. Tun 1958 William Fry da abokan aikinsa a Jami'ar Ilinoi suka nuna haka a jikin kyanwa. Abin da ya sa ake ɗokinsa shi ne maganaɗisu da lantarkin da ake ɗorawa a kai ba sa wuce saman ƙwaƙwalwa sosai, ita kuwa tsohuwar hanyar isa ciki sai an huda ƙoƙon kai an dasa waya. Ana gwada shi kan farfaɗiya, ciwon damuwa da shaye-shaye, sai dai har yanzu gwaji ne. Ƙashin kai ma yana karkatar da sautin, dole sai an ɗauki hoton kan kowane mutum an yi lissafi.

Don haka in ka ga ana tallar wata na'urar sauti a intanet wai tana warkar da farfaɗiya ko mantuwa a gida, riƙe kuɗinka. Mai shan maganin farfaɗiya kuma kada ya kuskura ya daina saboda wannan labari. Mai karkarwa ya fara ganin likitan jijiya, domin wata karkarwar daga maƙoƙo take ko daga wani magani da yake sha.