Ina tsofaffin ƙananan jiragen sama suke ƙarewa?

Wai wane irin jirgi ma ake magana a kai?

Ba manyan nan masu kwasar alhazai ba, ƙanana ne masu cin mutum biyu ko huɗu, inji ɗaya da farfela a gaba. Kamar Piper J-3 Cub, ɗan rawayan nan da aka ƙera kusan 20,000 a Amurka daga 1938 zuwa 1947, ko Tiger Moth na Ingila mai fiffike biyu sama da ƙasa, wanda ya fara tashi a 1931. Matuƙa da yawa na yaƙin duniya na biyu a kansu suka koyi tuƙi.

Da aka gama yaƙin ina suka shiga?

Gwanjo aka yi da su, arha kamar banza. Wasu kulob-kulob na koyon tuƙi suka saya, wasu aka maida su na feshi, a New Zealand ma taki aka riƙa watsawa da Tiger Moth a kan tsaunuka har suka ji jiki, da yawa a can suka faɗi. Sauran kuma aka jingine a bayan rumfa ana cewa sai an samu kuɗi, kuɗin bai zo ba.

To me yake kashe su, tsufa?

Zama ne, ba tsufa ba. Shi Cub ai ƙashinsa bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da yadi aka shafe da wani fenti mai ɗame shi, in ka ƙwanƙwasa da yatsa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Rana tana cin yadin, ruwa ya shiga ya gangara wajen wutsiya tunda nan ne ƙasa in jirgin yana tsaye, tsatsa ta ci bututun daga ciki alhali waje fes, ga ɓeraye su yi sheƙa a fiffike fitsarinsu ya ci ƙarfe, masu katako kuma tsohon gam ɗinsu in ya sha danshi sai ya saki. Injin ma in ya daɗe bai zagaya ba mai ya tsiyaye, silinda ta kama tsatsa. Wanda ake tashi da shi duk sati ya fi wannan lafiya nesa ba kusa ba, don dole duk shekara injiniya mai lasisi ya buɗe shi ya duba.

Ana iya tada wanda ya ruɓe?

Sosai ma. A tuɓe shi tsaf, a yanke ruɓaɓɓen bututu a yi walda, a sa sabon yadi na roba maimakon auduga. Amma fa abin da mai saye yake fara tambaya takardu ne, littafin da aka rubuta duk awar da ya tashi da duk gyaran da aka masa, da ɗan farantin ƙarfe mai lambar kamfani. Akwai jiragen da kusan farantin ne kawai na asali, masu harkar har yau suna musu ko a kira shi tsoho ko sabo. Kuɗin gyaran kuwa sau tari ya fi abin da za a sayi jirgin, so ne kawai.

Ba gara a kai su gidan tarihi ba?

In guda ɗaya ya rage a duniya, eh, a rataye shi kar wani ya faɗo da shi. Amma Cub da har yanzu akwai dubbai? A bar shi ya tashi mana. Masu gidan adana tsofaffin jirage na Shuttleworth da ke Old Warden a Ingila suna da Blériot XI na 1909, shi ne jirgi mafi tsufa da yake iya tashi, sai iska ta kwanta suke ɗan ɗaga shi. A Oshkosh ta jihar Wisconsin kuma duk watan Yuli jirage kusan 10,000 ke sauka don bikin baje kolin jirage, tsofaffin da filinsu daban.

Yanzu meye babbar damuwarsu?

Hannu. Masu iya ɗinkin yadin fiffike da waldar siririn bututu suna tsufa, hayar rumfa tsada, ga man da suke sha, 100LL mai dalma, da Amurka take son dainawa zuwa 2030. Kuma shi Cub na asali ba sitata gare shi, da hannu ake murza farfela, a kujerar baya kake zama in kai kaɗai ne, gejin mai kuwa ƴar waya ce da ta leƙo ta murfin tanki, tana nutsewa mai na ƙarewa. Wanda ya koyi tuƙi a jirgin zamani sai an sake koya masa sauka da jirgi mai ƙaramar taya a wutsiya kafin a ba shi.