Kasuwanci ta Dandalan Gajerun Saƙonni

Kasuwanci ta dandalan gajerun saƙonni shi ne amfani da kafafen sada zumunta irin su X (Twitter a da), Threads, Weibo da Mastodon wajen tallata haja, amsa ƙorafin masu saye da kuma kare sunan kamfani. Abin da ya bambanta waɗannan dandalan da sauran shi ne gajartar rubutu, saurin yaɗuwarsa, da kasancewar hirar a bainar jama'a: abin da kamfani ya faɗa wa mutum ɗaya, dubbai na iya gani.

Asali

Irin wannan wallafa ta fara bayyana ne a tsakiyar shekarun 2000. Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya aika saƙon farko a Twitter ranar 21 ga Maris, 2006, aka buɗe dandalin ga kowa a watan Yuli na shekarar. An ƙayyade saƙo ga haruffa 140 saboda tes na wayar salula ba ya wuce 160, aka bar ragowar 20 don sunan mai aikawa. Sai a Nuwamba 2017 aka ninka adadin zuwa 280. Dandalin Tumblr ya biyo bayan Twitter a 2007, shekarar da wani mai amfani da Twitter, Chris Messina, ya ba da shawarar sa alamar # gaban kalma domin tattara zance a kan maudu'i ɗaya. A China, inda aka toshe Twitter a 2009, kamfanin Sina ya ƙaddamar da Weibo a watan Agusta na wannan shekarar, kuma ya zama babbar kasuwar talla a ƙasar.

Shigowar 'yan kasuwa

'Yan kasuwa ba su jira an yi musu tanadi ba. Tun wajajen 2007 kamfanin kwamfuta na Dell ya riƙa sanar da rangwame a shafinsa na Twitter, kuma a ƙarshen 2009 ya ce ya yi cinikin kimanin dala miliyan 6.5 ta wannan hanya. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne idan aka kwatanta da girman kamfanin, amma masu harkar talla sun riƙe shi a matsayin hujja. A 2008 wani ma'aikacin kamfanin sadarwa na Comcast a Amurka, Frank Eliason, ya fara bibiyar masu kukan rashin ingancin intanet yana ba su amsa da sunansa, abin da daga baya kamfanoni da dama suka kwaikwaya. A ƙarshen wannan shekarar ce motar sayar da abinci ta Kogi a Los Angeles ta fara yawo, tana sanar da unguwar da za ta tsaya, mutane kuma su yi layi kafin ta iso. Misalin Kogi ya fi jan hankalin ƙananan 'yan kasuwa, domin ba a kashe ko sisi a talla ba.

Kamfanonin jiragen sama sun shigo ne da ƙarfi a Afrilun 2010, lokacin da tokar dutse mai aman wuta a Iceland ta tsayar da zirga-zirga a Turai. Layukan waya sun cunkushe, fasinjoji suka koma Twitter da Facebook, kamfanin KLM kuwa ya kafa tawagar amsa su, wadda ta zama sashe na dindindin. A cikin watan ne kuma Twitter ya fara sayar da gurbin talla, kamfanonin Starbucks da Best Buy na cikin waɗanda suka fara saye.

Ana yawan ambaton saƙon biskit ɗin Oreo na Fabrairun 2013, wanda ya yi raha da ɗaukewar wuta a wasan Super Bowl (wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka), aka kuma wallafa shi cikin 'yan mintoci bayan wutar ta ɗauke. Shekaru bayan haka kamfanoni sun yi ta ƙoƙarin maimaita wannan sa'a, akasarinsu ba su dace ba.

Yadda ake yi

Ayyukan sun haɗa da sanar da sabuwar haja, raha da mabiya, biyan kuɗi don saƙo ya isa ga waɗanda ba sa bin shafin, da ɗaukar masu tasiri su yi tallar. Amsa ƙorafi shi ne ya fi cin lokaci. Bisa al'ada ana amsawa a fili da farko, sannan a koma akwatin sirri idan za a karɓi lambar oda ko adireshi. Ana auna nasara da yawan waɗanda suka gani, suka mayar da martani, ko suka latsa mahaɗar da ke kai su shafin saye. Yawan mabiya kaɗai ba ma'auni ne mai ƙarfi ba, tunda ana sayen na bogi.

Haɗari

A Janairun 2012 kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya ƙirƙiri maudu'in #McDStories don mutane su ba da labarai masu daɗi. Sai suka cika shi da ƙorafi, aka janye tallar cikin sa'o'i. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan kusan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, an fara sayar da shuɗin makin tantancewa (alamar da a da ke nuna shafi sahihi ne), wani kuma ya buɗe shafin bogi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya ce insulin ya zama kyauta. Kamfanin ya fito ya ƙaryata. Manyan masu talla da dama sun rage kashe kuɗi a dandalin, wanda aka sauya wa suna zuwa X a Yulin 2023. Dalilan janyewar na cikin abubuwan da ɓangarorin biyu suka yi ta jayayya a kai har gaban kotu.

Halin yanzu

Kasuwar ta rarrabu. Threads na kamfanin Meta ya tara masu rajista miliyan 100 cikin kwana biyar a Yulin 2023, dandalin Bluesky ya buɗe wa kowa a Fabrairun 2024, yayin da gajeren bidiyo a TikTok da Instagram ya janye kaso mai yawa na kuɗin talla. Hukumomi a ƙasashe da dama, ciki har da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka (FTC), suna tilasta a bayyana cewa talla ce a duk saƙon da aka biya kuɗi don a wallafa shi.