Waiwaye: Tace Masu Taimaka wa Alƙali a Amurka da Rigimar Launin Fata

A manyan shari'o'in laifi a Amurka, ba alƙali ne ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Mutanen gari ne, wato masu taimaka wa alƙali, galibi su 12, da ake zaƙulo sunayensu daga rajistar masu zaɓe da ta lasisin tuƙi. Kafin su zauna sai an tace su da tambayoyi, duk wanda aka ga yana da hannu a maganar ko ya riga ya yanke hukunci a ransa a sallame shi. Wannan babu mai ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne damar da kowane ɓangare, masu gabatar da ƙara da masu kare wanda ake tuhuma, ke da ita ta cire wasu mutane ba tare da ya faɗi dalili ba.

Tsarin gado ne daga Ingila, amma a Amurka ne ya haɗu da wariya. Tun 1880 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar West Virginia da ta ce fararen fata kaɗai za su zauna. Sai masu gabatar da ƙara suka koma ƙofar baya: a gayyato baƙar fata, su kuma su cire su ɗaya bayan ɗaya, bakinsu alekum. A shari'ar wani baƙar fata mai suna Swain ta 1965 kotun ta ƙyale abin kusan yadda yake.

Sai a 1986, a shari'ar James Batson daga Kentucky, aka ce idan an yi zargin wariya dole lauya ya kawo dalilin da bai shafi launin fata ba. A 1994 aka haɗa da jinsi. Mai shari'a Thurgood Marshall na Kotun Ƙoli tun a shari'ar Batson ya yi gargaɗin cewa ƙirƙirar dalili ba ta da wuya, gara a soke damar ɗungurungum. A ganina lokaci ya gaskata shi.

Dubi shari'ar Timothy Foster a Jojiya. Da aka bankaɗo takardun masu gabatar da ƙara, sai ga sunayen baƙar fata an shafa musu koriyar tawada, an rubuta harafin B, wato "Black" (baƙar fata), a gefe. Kusan shekara 30 bayan an yanke masa hukuncin kisa, a 2016, Kotun Ƙoli ta ce an yi wariya. Na Curtis Flowers a Mississippi ya fi muni: sau shida mai gabatar da ƙara ɗaya yana gurfanar da shi, ya cire 41 daga cikin baƙar fata 42 da suka zo gabansa. Kotun ta rushe hukuncin a 2019, bayan mutumin ya haura shekara 20 a tsare.

Ita Ingilar da ta haifi abin, ta ƙwace wa waɗanda ake tuhuma wannan dama tun 1988. Kanada ta soke ta a 2019, jihar Arizona ta bi sahu daga farkon 2022. Sauran jihohin Amurka har yanzu suna riƙe da ita.