Littattafan Labaran Kimiyya da na Al'ajabi

Labarin kimiyya nau'i ne na ƙagaggen labari wanda marubuci ke ginawa a kan wani ilimi ko wata na'ura, ko da ba a kai ga ƙera ta ba tukuna, sannan ya bi diddigin abin da za ta jawo wa mutane. Ɗan'uwansa shi ne labarin al'ajabi, mai tafiya da sihiri da aljanu da dodanni. Masu sayar da littattafai sukan jera su wuri guda, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. In jarumi ya hau buzu ya tashi sama saboda boka ya yi masa tofi, wannan al'ajabi ne, babu mai tambayar dalili. In kuwa kumbo ya shiga, dole marubuci ya faɗi inda zai sami iskar shaƙa da abin da zai ci a hanya. Kashi na uku, wato littattafan binciken sararin samaniya, su ba ƙage ba ne sam, tarihi ne da bayanin waɗanda suka je suka dawo.

A Adabin Hausa

Mai karatu a Kano ba baƙo ba ne a fagen al'ajabi. Ya taso da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, ya kuma san Dare Dubu da Ɗaya, inda ake da labarin dokin katako mai tashi sama idan an murɗa wani ɗan maɓalli a jikinsa. Wannan doki ma ya fi kusa da na'ura fiye da tsafi. Gasar rubutun da Rupert East, wani Baturen jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu biyu sun kai jarumansu ƙasashen aljanu. Daga baya Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, labarin gurgun yaro da ya miƙe ya zama gagarabadau.

Wanda ya fara karkata akalar zuwa kimiyya shi ne Umaru Dembo, da Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka duniyar wata. Wani yaro ne mai suna Kilba ya haɗu da wata halitta daga sama, Ƙolin Ƙoliyo, ta ɗauke shi yawon sararin samaniya. Littafin ɗan siriri ne, ana iya gama shi tsakanin la'asar da magariba, amma ya nuna cewa Hausa na iya ɗaukar zancen taurari ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Abin takaici, hanyar da ya share ba ta sami masu bi da yawa ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, soyayya ce ta cinye kasuwa, sai kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da matsafa da takubban sihiri. Waɗannan al'ajabi ne tsantsa, kuma samari sun yi ta karɓar hayarsu a shagunan unguwa, kashi bayan kashi.

Na Ƙasashen Waje

Masana da dama suna fara lissafi daga Frankenstein na Mary Shelley, 1818, labarin ɗalibin da ya harhaɗa halitta ya kuma gudu ya bar ta. Jules Verne na Faransa ya rubuta labarin tafiya duniyar wata a 1865, inda aka harba mutum uku daga wata ƙatuwar igwa a Florida. Bayan shekara ɗari da huɗu, daga Florida ɗin kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa duniyar wata, da mutum uku a ciki. H. G. Wells na Ingila ya kawo na'urar ratsa zamani a The Time Machine, 1895, da mamayar halittun duniyar Mars a The War of the Worlds, 1898. Isaac Asimov ya shahara da dokoki uku da ya gindaya wa mutum-mutumi a I, Robot, 1950, ta farkonsu ita ce kada ya cuci ɗan'adam. Labaran nasa kusan duk muhawara ce a kan yadda doka mai kyau ke rikicewa idan ta gamu da wani hali da ba a zata ba, kuma wanda ya taɓa zama a zauren da ake warware mas'alar fiƙihu zai gane salon nan take.

Amma in za a zaɓar wa Bakano guda ɗaya, Dune na Frank Herbert ne, wanda ya fito a 1965. Labarin yana faruwa a duniyar Arrakis, wadda hamada ce gaba da baya, ba a ruwan sama, ga kuma waɗansu tsutsotsi masu girman gari suna yawo a ƙarƙashin rairayi. Mutanen wurin, Fremen, suna sa wata riga da ke tattara gumin mutum da fitsarinsa ta tace su ya sake sha. In mutum ya mutu, ruwan jikinsa na dangi ne. Akwai wurin da shugabansu ya tofa yawu a kan teburin basaraken da aka turo musu, dogarai suka zabura, sai aka fahimtar da su cewa girmamawa ce, don ya ba da ruwan jikinsa kyauta. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gida a zafin Afrilu yana jiran ɗan garuwa ya turo kura ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan. Ƙari a kan haka, littafin cike yake da kalmomin Larabci, har da Mahadi da jihadi, waɗanda mai karatu a Amurka ke neman ma'anarsu a ƙarshen littafi. Sai dai Herbert aro ya yi, ya kuma lanƙwasa kalmomin yadda labarinsa ke so, don haka ba wurin koyon addini ba ne. Yana da nauyi a farko, sai an daure da shafuka hamsin ko fiye kafin ya kama mutum.

The Martian na Andy Weir ya fi sauƙi. Ɗan sama jannati ne abokan tafiyarsa suka bari a Mars bisa zaton ya mutu, ya rayu da noman dankalin Turawa a cikin ɗaki, yana haɗa ƙasar wurin da bayan gida a matsayin taki. Manoman kewayen Kano da suka daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna za su ce ai ba sabon abu ya yi ba. A ɓangaren al'ajabi kuwa, The Hobbit na Tolkien, 1937, da The Lord of the Rings da ya biyo baya a 1954 zuwa 1955, su ne ma'aunin da ake gwada saura da shi.

Marubuta 'yan asalin Nijeriya ma sun shiga fagen da Turanci. Binti na Nnedi Okorafor ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan wannan fage, a 2016, kuma The Shadow Speaker nata a Nijar aka gina shi, a shekarar 2070. Rosewater na Tade Thompson, labarin garin da ya tsiro a gefen wata baƙuwar halitta a Nijeriyar 2066, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019.

Binciken Sararin Samaniya

Nan Kano tana da hannu, ko da yake ba kowa ya sani ba. Lokacin shirin Mercury, shirin Amurka na farko na tura mutum sararin samaniya, hukumar binciken sararin samaniyarta, NASA, ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbonta, ɗaya daga ciki a Kano take. Da ɗan sama jannati John Glenn ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano na cikin masu sauraronsa. A 1963 kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam Syncom 2. Nijeriya ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumban 2003.

Cikin littattafan wannan kashi, Carrying the Fire na Michael Collins, 1974, ya yi fice. A tafiyar Apollo 11, shi ne aka bari shi kaɗai yana kewaya wata yayin da abokan tafiyarsa, Armstrong da Aldrin, suka sauka, kuma duk sanda ya zagaya bayan wata sai maganar rediyo ta yanke tsakaninsa da kowa. Cosmos na Carl Sagan, 1980, ya fi dacewa da mai son sanin su wane ne Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta a idon masu nazarin taurari.

Akasarin waɗannan da Turanci ake samunsu a Kano, wajen masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari, ko a laburaren Jami'ar Bayero da na Murtala Muhammad. Matasa da yawa yanzu a waya suke karantawa, suna tura wa juna ta WhatsApp.